Bayan Isha'i a Alƙahira

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na tsaya a titin Tala'at Harb da ke tsakiyar Alƙahira. A gabana layin masu sayen askirim ne a ƙofar kantin El Abd: magidanta da matansu, yara har da na goye, tsofaffi da sandunansu. A Kano da wannan lokaci an ja ƙofofi, sai mai shayi da 'yan sintiri. A nan kuwa yanzu aka fito. Zafi ne ya koya musu haka, don daga Yuni zuwa Satumba rana ba ta barin mutum ya yi yawo, sai a ɗage ziyara da sayayya da hira zuwa dare, har abin ya zama ɗabi'a ko a lokacin sanyi.

Saboda haka baƙon da ya zo daga wajenmu, ko jinya ce ta kawo shi, ko karatu a Azhar, ko sarin kaya, in ya yi Isha'i ya kulle kansa a ɗaki don yana zaton dare na mashaya ne, rabin garin ya bari bai gani ba. Yawancin abin da ake yi a daren Alƙahira shayi ne da kiɗa da kallon wasa da shan iska a bakin Nilu. Giya tana nan, amma tana da wurarenta, kuma daga waje ake gane su.

Kafin a fita, a gyara lissafin lokaci. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, don haka daren da gari ya fi cika shi ne na Alhamis wayewar Juma'a, kuma tafiyar da take minti ashirin za ta iya cinye awa guda. Agogon Masar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya a lokacin sanyi, amma tun 2023 suka dawo da ƙarin awa na bazara, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai tazarar ta zama awa biyu. Tun Disambar 2020 kuma akwai dokar lokacin rufewa: kantuna ƙarfe 11 a bazara, ƙarfe 10 a lokacin sanyi, gidajen shayi da na abinci ƙarfe 1 a bazara, 12 a lokacin sanyi, ana ɗan sassautawa daren Alhamis da Juma'a. Gidajen burodi da kantin magani da masu kayan masarufi ba sa ciki. Gwamnati kan ƙara matse lokacin idan wuta ta yi ƙaranci, kamar yadda ta yi a bazarar 2024. Farashi kuwa, kada ka riƙe wanda wani ya faɗa maka shekara biyu da suka wuce. A Maris ɗin 2024 fam ɗin Masar ya faɗo daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya cikin yini guda, kuma komai ya bi.

In dare ɗaya kawai kake da shi, ka kai shi Wakalar Guri. Masaukin fatake ne, zango a takaice, wanda Sultan Ƙansuh al-Guri ya gina a 1504 zuwa 1505, 'yan taku kaɗan daga masallacin Azhar. Ƙasa rumbunan kaya ne, sama ɗakunan kwana masu tagogin katako da aka sassaƙa raga-raga, tsakiya kuma fili. A wannan filin ƙungiyar tannura ta gwamnati, masu rawar juyi, ta daɗe tana wasa a ranakun Asabar da Litinin da Laraba, da misalin bakwai da rabi. Kada ka ruɗa ta da masallacin Guri da ƙubbarsa, waɗanda ke fuskantar juna a bakin titin Mu'izz. Wakalar daban take, a cikin lungun da ya nufi Azhar. Ka tambayi kowane mai kanti "wikalat el-Guri", zai nuna maka da hannu. Ka kuma sa mai masaukinka ya tabbatar maka da ranar da wurin, don akan ɗauke wasan zuwa wani wuri idan ana gyara.

A nan karin maganar nan ta juye, zuwa da wurwuri ya fi zuwa da wuri. Kujeru ba su da lamba, wurin ba shi da girma, tikiti a ƙofa ake yanka, in ya ƙare ya ƙare. Ka iso awa guda kafin a fara, ko fiye a lokacin sanyi da masu yawon buɗe ido suka yi yawa. Wanda ya makara ginshiƙi zai yi ta kallo.

Da kiɗa ake buɗewa. Akwai mizmar, wadda kunnen Bahaushe zai ji ta kamar algaita, da rababa 'yar'uwar kukuma, da ganguna da manyan tambura na hannu irin bandiri, sai wani mai 'yan ƙarafa a yatsu da ake kira sagat, wanda shi ne ɗan wasan cikinsu, yana tsokanar makaɗa yana ba mutane dariya. Bayan haka mai waƙar yabon Annabi ya ɗauka, sai babban mai juyi ya shigo. Tannura sunan faffaɗan siket ɗin da yake ɗaure da shi ne, mai nauyi, hawa biyu ko uku, an yi masa ado da yanke-yanken yadi kala-kala. Zai fara juyawa a wuri guda, ya yi kusan rabin awa bai tsaya ba, sauran suna zagaye shi da bandiri. Yana cikin juyin zai kwance hawa ɗaya ya ɗaga shi sama da kansa kamar laima, ya naɗe shi, ya miƙa wa na gefe, ƙafarsa ba ta ɓata ba. Asalin abin daga zikirin Maulawiyya ne, amma wannan wasan kallo ne aka tsara, babu wanda ke cewa ibada ake yi. Abin da ya fi burge ni shi ne tsayawar: lokaci ɗaya zai ja birki, ya tsaya ƙyam, babu tangaɗi. Duka wasan awa ɗaya da 'yan mintuna ne.

Kana fitowa wajen tara, ka bi ta ƙarƙashin ƙasa ka tsallake titin Azhar (akwai hanyar ƙafa kusa da masallacin, kada ka yi gardama da motocin titin nan) ka ɓullo dandalin Husaini. Daga nan kasuwar Khan al-Khalili ce. A cikin wani ɗan lungu gidan shayin Fishawi yake, wanda ya haura shekara ɗari biyu, da manyan madubai da kujerun da suka toshe hanya. Ya cancanci zama sau ɗaya, amma ka san ba za a bar ka ka huta ba: mai tasbaha, mai lalle, mai walat, mai goge takalmi, kowa zai tsaya a kanka. "La, shukran" sau ɗaya ka kawar da kai ya isa. In ka taɓa kaya ka buɗe ciniki.

Gidan shayi su "ahwa" suke ce masa, da shi da kofi duk suna ɗaya. Sai ka faɗi yawan sukari tun wajen oda, don kofinsu da sukarin ake dafa shi: "sada" babu sukari, "mazbut" daidai, "ziyada" zaƙi cau. Shayi kuwa ko "koshari", wato ganye a zube cikin kofi, ko "fatla" na jaka, ka ce a sa maka na'ana'a. Karkade zoɓonmu ne, da zafi ko da sanyi. Helba hulba ce. A lokacin sanyi ka nemi sahlab, farin abin sha mai kauri kamar kunun gyaɗa, da kwakwa da gyaɗa a kai. A gidajen da ke bakin dandalin ka tambayi kuɗi kafin a kawo, ka kuma tambaya ko akwai mafi ƙarancin abin da za a kashe a kujera, don wasu suna da shi ba sa faɗa sai an zo biya. In hayaƙin shisha yana damunka, zauna ta bakin hanya. Ahwa ta cikin unguwa wurin maza ce, ana buga domino da ɗawula, amma a Husaini da tsakiyar gari da Zamalek iyalai ne cike.

Daga Khan ɗin ka shiga titin Mu'izz ka yi arewa zuwa Bab al-Futuh, kusan kilomita ɗaya. Da dare ana haska gine-ginen, kuma ginin Sultan Ƙalawun na 1285 ya fi kyau a hasken fitila fiye da rana. Cikin gine-ginen dai an rufe tun yamma, waje kawai za ka gani. In ka fita ta ƙofar, tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta Bab al-Sha'ariyya ba nisa.

Gidan Opera wata duniya ce. Yana tsibirin Gezira, tashar metro mai sunansa tana bakin ƙofa a layi na biyu. Japan ce ta gina shi kyauta aka buɗe a 1988, bayan tsohon da Khedive Isma'il ya gina a 1869 ya ƙone ƙurmus a 1971. Babban zauren yana ɗaukar mutum wajen 1,200, akwai ƙaramin zaure da dandalin waje na bazara. Kada sunan ya kore ka, ba waƙar Turawa kaɗai ake yi ba. Akwai ƙungiyoyin kiɗan Larabawa masu ud da ƙanun da sarewa, akwai ta waƙoƙin yabo na addini, kuma duk kaka ana bikin kiɗan Larabawa na kwanaki. A watan Nuwamba nan ne cibiyar bikin finafinai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1976. Abin da ke hana mutane shiga tufafi ne: babban zaure sai da kwat da laƙtaye ga maza, kuma masu ƙofa ba sa wasa da wannan. In kana da niyyar zuwa, sa kwat a jakarka tun daga gida, kada ka dogara da cewa kaftani zai wuce. Ƙaramin zaure da na waje ba su da wannan tsanani. Ana fara wasa a kan lokaci, galibi takwas, wanda ya makara kuma a waje zai jira sai an tafi hutun rabin lokaci.

Wanda ba ya son wannan taƙama ya je Saƙiyar Sawi a Zamalek, ƙarƙashin gadar 15 ga Mayu. Juji ne da aka share aka mai da shi gidan al'adu a 2003. Kusan kullum akwai abu: mawaƙan zamani, na yabo, wasan 'yar tsana, karatun waƙa. Ba a sayar da giya, ba a shan taba, tikiti da sauƙi. Ɗalibanmu za su fi sakewa a nan. Wasan fitaccen mawaƙi tikitinsa kan ƙare tun kwana biyu kafin ranar, kuma akan yi shi a tsaye, ba wurin kai tsoho ba ne.

Akwai wani ɗan ɗaki da ake kira Makan, kusa da kabarin Sa'ad Zaglul, tashar metro mai wannan suna a layi na ɗaya. Ranar Laraba ƙungiyar Mazahir ke kiɗan zar a can. Zar ɗan'uwan bori ne, a Sudan ma haɗe sunayen ake yi. Mata ne ke jan waƙa da bandiri, namiji yana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya shida da suke kira tambura, wani kuma ya ɗaura ɗamarar kofaton awaki da ake kira mangur yana girgiza ƙugu tana ba da amo. Kiɗan kawai ake nunawa, babu girka babu hawan iska. Na faɗi asalinsa ne don kowa ya auna da kansa, na san akwai wanda ba zai so ko kusantar wurin ba. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, sai an kama wuri tun da rana.

Wasan kwaikwayo na dandamali kuwa yana da matsala ɗaya: da Larabcin kasuwa ake yi, kuma da sauri. Wanda ya yi Nahawu da Balaga a zaure zai zauna kowa na dariya shi yana neman fi'ili. Gidan wasan ƙasa yana Ataba, ya ƙone a 2008 aka sake buɗe shi a 2014, gidan wasan 'yar tsana na yara yana maƙwabtaka da shi. In harshe zai ba ka wahala, nufi Aguza, inda gidan Balloon ke nuna raye-rayen gargajiya na Sa'id da Nuba, wato kudancin Masar, sarkis na ƙasa, gidan wasan tsalle-tsalle da dabo, kuma yana gefensa. Silima akwai ta ko'ina, har da nunin tsakar dare.

Sai kogi. Jirgi iri uku ne, kuma rashin bambance su ne ke jawo ɓacin rai. Na farko faluka, kwalekwale mai filafilai babu inji, ana samunsa a bakin Garden City da Ma'adi. Shi jirgin ake haya gaba ɗaya a kan awa, ba kai-kai ba, don haka mutum shida ko takwas sun fi samun sauƙi. A yi ciniki a tudu: nawa, awa nawa, na jirgi ne ko na mutum, da fam ɗin Masar ne. A duba agogo tare da matuƙin, a biya bayan an dawo, a ƙara masa ɗan bakshish. In babu iska faluka ba ta tafiya, za ku yi ta lilo kusa da gaɓa, don haka duba tutoci da ganyen bishiya kafin ka biya. Lokacin da ya fi daɗi daga gab da Magariba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin kan ruwa ya fi na hunturu shiga ƙashi, a tafi da rigar sanyi.

Na biyu ƙananan jiragen inji ne masu fitilu kala-kala, kusa da gadar Ƙasr al-Nil mai zakuna huɗu. Su kai-kai ake biya, kuɗi kaɗan, zagayen bai fi rabin awa ba, lasifika kuma kamar za ta fasa kunne. Na uku manyan jiragen cin abincin dare, awa biyu, abinci ɗebi-da-kanka. Wannan ne ya kamata a yi wa mai iyali bayani: kusan dukkansu akwai 'yar rawar ciki a shirin, ana kuma sayar da giya, abin sha ma ba ya cikin kuɗin tikiti. Dillali zai ce maka "tannura da kiɗa" ya yi shiru da sauran. In ba ka son ganin haka, ka hau bene na sama lokacin rawar, ko ka haƙura da jirgin. Tsayuwa a kan gadar kyauta ce, ga gasasshiyar masara da dankali da romon wake mai yaji da suke kira hummus al-sham. Kada dai ka ɗauki hoton ofishin 'yan sanda ko shingen soja ko ginin gwamnati.

Mashaya kala uku ce ita ma. Akwai ta manyan otal-otal da saman benaye a Zamalek da bakin kogi. Akwai gidajen kiɗa irin Cairo Jazz Club a Aguza, inda sai an kama wuri tukuna, kuma ba kasafai ake barin maza zalla su shiga ba. Sai tsofaffin mashayun tsakiyar gari da ake ce wa baladi: ƙofa a rufe, gilashi a shafe da fenti ko labule, da alamar tauraron Stella a sama. Ganin wannan ya ishe ka sani. Wanda ke ruɗa baƙo shi ne irin Hurriyya da ke dandalin Falaki, zaure ɗaya ne, gefe masu shayi da dara, gefe masu kwalba. Doka ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, sha a kan titi kuma laifi ne.

Gidajen rawa na titin Haram, hanyar zuwa dalar Giza, su ne inda aljihu ke mutuwa. Salon ɗaya ne: kana zama a dire maka gyaɗa da 'ya'yan itace da kwalin tishu ba ka nema ba, duk a rubuce suke. Wata ta zo ta zauna a teburinka, abin da ta sha kai za ka biya. Ƙarshe a kawo takarda ga ƙato a bakin ƙofa. Duk wanda ya tare ka a titi da daddare yana cewa "ya sadiƙi, zo in kai ka wuri mai kyau", kamasho yake nema. Ko a gidan abinci na mutunci ka san ana ɗora kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji, abin da aka rubuta fam 100 zai dawo kusan 128. Lambar 'yan sandan yawon buɗe ido 126 ce, motar asibiti 123. Ka riƙe hoton fasfo da na biza a aljihu, don akan tsayar da baƙaƙen fata a tambayi takardun zama. Za ka kuma ji yara na kiran "samara" ko "shokolata". Babu daɗi, amma tankawa ba ta ƙara komai sai taro.

Komawa gida ita ake fara shiryawa. Metro tana aiki har wajen ɗaya na dare, kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshi, kuma ka adana tikitin don da shi ake fita. Taragu biyu na tsakiya na mata ne, akwai alama a dandamali, namijin da ya faɗa ciki zai sha tsawa, har tara akan ci. Mace mai tafiya da dare ta nemi waɗannan. Bayan an rufe sai Uber ko Careem ko inDrive, sun fi farar tasi kwanciyar hankali, don direban tasi yakan ce mita ta lalace. Lambar mota da haruffa da alƙaluman Larabci take, a nan ɗan makarantar allo ya fi Bature, sai ka karanta ka gwada da ta wayarka kafin ka shiga. A Husaini da Khan mota ba ta iya shigowa, ka fito bakin titin Azhar ka sa alamar a can, in ba haka ba direba zai yi ta zagaye ya soke. Ka tanadi ƙananan kuɗi, canji ba ya samuwa da tsakar dare. Mai komawa Hayyul Ashir ko wata unguwar Madinat Nasr ya ƙara rabin awa a lissafinsa daren Alhamis.

Da azumi duk wannan jadawalin sauyawa yake. Yawancin mashaya suna rufewa wata guda, waɗanda suka rage a otal baƙi masu fasfo kawai suke sayar wa. Wasanni suna komawa bayan Tarawihi, metro tana ƙara awa, ana kafa tantuna na sahur da kiɗa, Husaini kuma ba masaka tsinke har Asuba. Wajen ƙarfe biyu za ka ji mesaharati yana bin lungu da 'yar gangarsa yana kiran mutane da sunayensu su tashi sahur, masu ful da ɗa'amiyya, ƙosansu na wake mai ganye, sun riga sun hura wuta. In za ka ci a Husaini a goman ƙarshe, ka kama tebur tun ƙarfe ɗaya.